Ƙurajen Turai Makitsiya

A Unguwar Kanawa, a shekarun da Kaduna ke ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, da wuya ka sami macen da ba ta san gidan Turai makitsiya ba. Gida ne na haya, ɗaki biyu da 'yar rumfar girki, da mangwaro guda a tsakar gida. A gindin mangwaron take shimfiɗa tabarma tun da hantsi, ta ajiye tsinke da matsefi da 'yar tasar man shanu, mace ta zo ta kwantar da kai a cinyarta. Hannunta ba shi da zafi. Matan akawuna daga Doka har aiko mata suke yi idan biki ya taso, amma ita ta fi son a zo a same ta, don ta ce a gidan mutane hira ba ta sakuwa.

Mutuniyar Gwarzo ce, doguwa, ba mai yawan dariya ba, amma kuma ba ta ɗaure fuska. Mijinta Maliki tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama, a can ya koyi aikin kafinta. Da aka sallame su a 1946 ya koma gida ya aure ta, ba a jima ba suka taho Kaduna, inda aka ce ana neman masu aikin katako. Ya kafa rumfa a bakin hanyar Kawo, yana yin ƙyamare da tagogi da akwatunan amare. Mutum ne shiru-shiru. Bai taɓa ba da labarin yaƙi ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Abin da maƙwabta suka sani shi ne ba a taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kuma duk yamma in zai dawo sai ya riƙo mata wani abu, ko da rake ne gaɓa biyu.

Abu ɗaya ne ya hana gidan cika. Cikin farko ya zube yana wata shida. Na biyu ya kai watanninsa, aka haifi ɗa namiji ba rai. Na uku, a daminar 1951, ta haifi 'ya mace da ranta, aka yi suna, aka sa mata Binta. Mako biyu Turai ta yi ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa don murna. Sai hancin yarinyar ya toshe, majina ta ƙi tsayawa, in ta kama nono sai ta saki ta nemi numfashi. Fatar tafin hannunta da ta ƙafa ta riƙa salewa. Tsofaffin unguwa suka zo suka duba, suka ce wabi ne, ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka tsaga wa yarinyar kunne don a gane ta in ta dawo. Ba wanda ya kawo zancen asibiti, don a lokacin mai jego ba ta fita sai ta gama wanka. Ranar da ta cika kwana talatin da shida ta rasu da hantsi, a hannun uwarta.

Daga nan ciki bai sake shiga ba. Turai ta koma kitsonta. In aka kawo mata amarya ta yi mata da kyau, in mai jego ta zo da jariri ta karɓa ta yi masa wasa ta mayar. Ba ta taɓa ambatar Binta ba, Maliki ma haka.

Da bazarar 1955 ne maƙwabciyarta Zuwaira, wadda katanga kawai ta raba su, tana kwance ana yi mata tsifa, ta ɗago ido ta ce, "Yaya Turai, mene ne wannan a damtsenki?"

Turai ta duba. Wasu ƙuraje ne guda huɗu, jajaye-jajaye masu duhu, da tauri kamar an cusa gyaɗa ƙarƙashin fata.

Ta ce, "Sun kwana biyu. Ba sa ciwo, ba sa ƙaiƙayi. Zafi ne, zai wuce."

Bai wuce ba. Kafin ruwan farko ya sauka sun fito mata a baya da kafaɗa, sannan biyu suka fito a goshi, inda ɗankwali ba ya rufewa sai an ja shi har gira. Kaluluwa ta taso mata a wuya da hammata. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho, ta sha saiwoyi har bakinta ya daina jin ɗaci, ba abin da ya ragu. Mata suka fara ja da baya. Ba wadda ta ce mata komai a gabanta, sai dai wadda ta saba zuwa duk Alhamis ta aiko cewa kanta na ciwo, wata ta ce maigida ya hana fita. Turai ta san kalmar da ake raɗawa, kuturta. Ita ma ita take tsoro.

Maliki ne ya ce a je asibiti. Suka tafi da sassafe, shi a gaba ita a baya, suka bi layi har rana ta take tsaka. Likitan wani dattijon Bature ne, mutane sun yi masa yawa, yana magana da sauri wani malamin asibiti yana fassarawa. Ya sa ta rufe ido, ya riƙa shafa mata auduga a kan ƙurajen yana tambaya ko ta ji. Duk ta ji. Ya ce ba kuturta ba ce. Turai ta sauke ajiyar zuciya, amma ta lura likitan bai saki fuska ba. Ya daɗe yana latsa kaluluwar wuyanta. Daga ƙarshe ya ce zai yanki ɗan nama daga ƙurji ɗaya a aika Ikko, can ne ake da masu duba irinsa a madubi. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka yanka, aka ɗinke. Ta ga an jefa ɗan naman cikin wata 'yar kwalba mai ruwa, an manna takarda. Aka ce jirgin ƙasa zai tafi da shi, a dawo bayan mako shida.

Sai da aka yi bakwai. Maliki ya je shi kaɗai, don likita ya ce mijin yake son gani. Ya dawo da azahar, lokacin da bai saba shigowa gida ba, ya ce ba a gama ba tukuna. Kwana uku yana tashi daga cin tuwo bai ci rabi ba. Rana ta huɗu da la'asar ta same shi zaune a bakin ƙofar ɗaki yana jujjuya hularsa, ta durƙusa gefensa.

"Malam, takardar ta zo, ko?"

Ya ce, "Ta zo."

"To faɗa mini. Jikina ne."

"Sun ce sankara ce. Wai ta kaluluwa ce, ita ce ta ɓullo ta fata." Ya ajiye hular a gwiwarsa. "Sun ce ba su da maganinta a nan. Inda ake da shi ma, wai sauƙi kawai yake kawowa."

"Sun faɗi lokaci?"

"Lokaci na Allah ne, Turai."

"Na sani. Me suka ce?"

"Shekara. Ko ba ta kai ba."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, ta tashi ta je ta sauke tukunyar da ta bari a kan wuta. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ba ta ji tsoron da take zato ba. Gajiya kawai ta ji, irin ta wanda ya daɗe a tsaye aka ce masa ya zauna.

Ta shiga shiri. Ta kira Zuwaira ta koya mata abin da bai zauna mata ba a kitso, yadda ake tsaga layi ya miƙe, da yadda ake kama gashin goshi ba a ja shi ba. Ta tattara tsinkenta da matsefanta da tasar man ta ba ta. Zuwaira ta ƙi karɓa, tana kuka, Turai ta ajiye mata a bakin ƙofa ta juyo. Ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Matan da suka guje ta, da suka ji ba abin ɗauka ba ne, kunya ta kama su, suka riƙa zuwa dubiya da kunu da fura har ta rasa inda za ta zuba. Mahaifiyarta ta aiko daga Gwarzo cewa a kawo mata 'yarta ta yi jinyarta da hannunta. Aka tsayar da ranar tafiya, bayan ƙaramar salla.

Saura kwana tara su tashi, Maliki ya tuna malamin asibitin ya ce in za a yi tafiya a zo a karɓi maganin rage ciwo, don ciwon zai zo daga baya. Suka koma. Suka tarar dattijon likitan ya tafi hutu ƙasarsu, an mayar da duba mata hannun wata likita Baturiya, ba ta daɗe da zuwa ba. Mai fassara mata wata nas ce Bazazzagiya mai suna Asabe, sa'ar Turai. Aka ce Maliki ya jira a baranda.

Likitar ta ɗauko takardar Ikko ta karanta, ta juya bayan takardar ta ci gaba da karantawa. Ta sa Turai ta cire riga, ta juya ta wajen taga. Ta daɗe tana kallon bayanta, tana bi da yatsa. Ta ce da Asabe wani abu, Asabe ta leƙo.

"Ta ce ƙurajen sun yi layi kamar jinjirin wata, kuma na tsakiya sun lafa sun bar tabo. Tana tambaya, wani magani kika sa musu?"

"Ban sa komai a nan ba. Hannuna ma ba ya kaiwa."

Likitar ta zauna, ta ja kujera kusa. Asabe ta ce, "Tana tambaya, 'ya'yanki nawa?"

"Babu."

"Ba ki taɓa haihuwa ba?"

Shekara huɗu ba wanda ya yi mata wannan tambaya. Da a gaban maza ne da ba za ta amsa ba. Amma ɗakin mata ne su uku, sai ta ji bakinta ya buɗe. Ta faɗi na farko, ta faɗi na biyu, ta zo kan Binta muryarta ta ragu. Likitar ta yi tambaya, Asabe ta juyo.

"Ta ce, yarinyar ta yi majina mai toshe hanci? Tafin hannunta ya sale?"

Turai ta ɗago kai ta dubi Baturiyar. "Wa ya gaya mata?"

"Ba wanda ya gaya mata."

Aka ɗebi jininta a kwalba. Likitar ta ce a kira mijin shi ma a ɗebi nasa. Maliki ya miƙa hannu bai tambayi dalili ba. Aka ce kada su yi tafiyar sai sun dawo bayan mako guda.

Ranar da suka dawo, ita aka fara kira. Likitar ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana tsayawa Asabe na juyawa. Ta ce a jikin kowane mutum akwai wasu 'yan ƙwayoyi da aikinsu yaƙi da cuta. In cuta ta shiga fata sai su taru a wurin, su yi cincirindo, wurin ya kumbura. A sankarar kaluluwa ma irin waɗannan ƙwayoyin ne ke taruwa, sai dai su ba wata cuta ce ta kira su ba, lalacewa suka yi suke ta hayayyafa. In aka yanki nama aka sa a madubi, taron nan biyu kama suke yi sosai, har gwani yakan ruɗe. Mai dubawa a Ikko ya rubuta cewa abin ya fi kama da sankara, amma a bayan takardar ya ƙara layi biyu, ya ce a gwada jini kafin a yanke magana. Ba a juya takardar ba.

Asabe ta ce, "Yanzu an gwada. Ba sankara gare ki ba, baiwar Allah. Cuta ce a jini, kuma tana da magani. Allura ce, kwana goma. Za ki warke."

Turai ta ji maganar kamar daga nesa. Ta ce, "Wace cuta ce?"

Asabe ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Tunjere ce."

Turai ta san sunan. A unguwa ba a faɗinsa sai in ana zancen matan bariki. Ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta ce, "Ni ban san kowa ba sai mijina."

"Likita ta sani. Ta ce ba yau ta shige ki ba, ta yi shekaru tana kwance. An same ta a jinin maigidan ma. Ta ce mutum yakan ɗauke ta, ɗan gyambo ya fito ya warke da kansa, ya zaci ta tafi, alhali tana nan."

Turai ta dubi tabon ɗinkin da ke damtsenta. Can ta ce, "Tambaye ta, ita ce ta kashe mini 'ya'ya?"

Asabe ta tambaya. Likitar ta gyaɗa kai, ta ce wani abu gajere.

"Ta ce ita ce. Daga jinin uwa take shiga."

"Ba wabi ba ne."

"Ba wabi ba ne."

"Tambaye ta kuma. Shekara huɗu da suka wuce, akwai allurar nan a asibitin nan?"

Asabe ba ta fassara ba. Ta ce, "Yaya, ki bar wannan. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru."

"Tambaye ta."

Ta tambaya. Likitar ta ajiye alƙalaminta, ta dubi Turai ido cikin ido, ta amsa. Asabe ta ce, "Ta ce akwai. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma da an kawo ta, mai yiwuwa ne da ta rayu."

Kukan da Turai ba ta yi ba ranar da aka ce za ta mutu, a nan ta yi shi, ta kifa kai a gwiwa, ba sauti. Daga gidansu zuwa asibitin bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Kwana ashirin da biyu ta yi tana kallon yarinyar nan tana neman numfashi, tana tura mata hayaƙi.

Aka yi mata allurar farko, wata fara mai kauri, suna ce mata fenisilin. Aka kira Maliki, ya jima a ciki. Da ya fito bai dube ta ba. Suka kamo hanya, wannan karon ita a gaba. Sun kusa unguwa ya ce ta tsaya, suka raɓe gindin wata ɗorawa a bakin hanya. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi a gabanta ba.

Ya ce, "A hanyar dawowa daga yaƙi ne. Mun yi wata biyu a wani gari a bakin teku muna jiran jirgin ruwa. Sau ɗaya na bi abokai wajen matan bariki. Wani abu ya fito mini, kafin mu sauka Ikko ya warke. Wallahi, Turai, na zaci ya tafi. Da na sani da ban je neman aurenki ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ni na haƙa musu kabari su biyun, da hannuna. Ashe ni ne. Ki yafe mini."

 Ba ƙinsa ta ji ba a lokacin, da ma ƙin ne da ya fi sauƙi. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa, sannan ta gyara mayafi ta wuce gida.

A ranar zazzaɓi ya rufe ta da rawar ɗari, kamar yadda Asabe ta gargaɗe ta, washegari ya sauka. Kwana goma suna zuwa allura tare, ba mai ce da wani komai sai gaisuwa. Kafin mako uku ƙurajen sun fara lafawa, kaluluwar ta sace. Cikin wata biyu babu sauran komai sai tabo.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce rubutun liman ne ya ci, wasu suka ce Turawa ne suka kawo sabuwar allurar sankara. Mata suka yi ta zuwa barka, Zuwaira ta soya waina ta raba sadaka, ta dawo mata da kayan kitsonta a naɗe cikin sabon ƙyalle. Duk wadda ta ce, "Kin ga ikon Allah," Turai ta ce, "Na gani." Ba wadda za ta iya gaya wa sunan ciwon, ko Zuwaira. Tsohuwar da ta tsaga wa Binta kunne ma ta zo, ta riƙe hannunta tana sa mata albarka, Turai ta kawo mata ruwa ta raka ta har zaure.

Tafiyar Gwarzo dai ta yi ta, ta ce za ta je mahaifiyarta ta gan ta da lafiya. Maliki ya kai ta tasha, bai tambayi ranar dawowa ba. Wata huɗu ta yi. Uwarta ta lura akwai magana, ta tambaya sau biyu, Turai ta ce gajiyar jinya ce. A can ta yi ta juya abin a ranta. Wata rana ta ga laifinsa ya cika duniya, wata rana ta tuna ita ce ke riƙe da yarinyar ba ta ce a je asibiti ba. Ta kuma gane cewa a duk duniya mutum ɗaya ne ya san abin da ya kashe Binta ban da ita. Bayan an gama girbi ta ɗaure kayanta ta hau mota.

Ta tarar ya rame, gemunsa ya yi furfura. Ya ce, "Kin dawo." Ta ce, "Na dawo." Ta share ɗaki, ta ɗora tukunya. Bai sake roƙonta ba, ita ma ba ta tayar da maganar ba. Sai daga baya ta ji daga bakin Asabe cewa likita ta sa abin saurare a ƙirjinsa ta ji cutar ta riga ta taɓa babbar jijiyar zuciya, allura ta kashe cutar amma ba za ta gyara ɓarnar ba, an ce ya rage ɗaukar katako mai nauyi. Bai gaya mata ba, bai kuma rage ba.

A 1957 ciki ya shiga. Tun wata na biyu ta kai kanta awo, aka ɗebi jini, aka ƙara mata allura don a tabbata. Ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Sabo. Kwana arba'in ɗin nan ba ta ji daɗinsu ba. Kullum da safe sai ta buɗe tafin hannunsa ta duba, ta kara kunne a hancinsa. Ran nan ya yi atishawa sau uku, ta goya shi ta fita da jegonta, tsofaffi na kiranta ba ta waiga ba. Asabe ta duba shi ta ce mura ce kawai, ta mayar da ita gida. Yaron ya yi ƙiba, ya yi rarrafe, ya tashi. Maliki ya yi masa 'yar mota ta katako mai ƙafa huɗu, yana ja da igiya a tsakar gida.

Da damina a 1959, wata Talata da hantsi, Maliki yana goge ƙyaure a rumfarsa ya ce da maƙwabcinsa mai gyaran keke ƙirjinsa ya riƙe. Ya zauna a kan benci ya jingina da ginshiƙi. Kafin a kawo ruwa ya cika.

Aka kawo shi gida, aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani. Kafin a fita da shi liman ya aiko a ce wa matarsa ta zo ta yi masa addu'a, in akwai wani abu tsakaninsu ta yafe. Turai ta shiga, ta durƙusa wajen kansa. Mata na bakin ƙofa suna jira. Ta ce, "Malam, na yafe maka. Tun a Gwarzo na yafe, faɗa ne ban yi ba." Waɗanda suka ji suka ɗauka irin maganar da kowace mace ke yi ce a irin wannan wuri.

Da ta fita takaba, 'yan'uwansa suka zo daga Gwarzo su tafi da ita da yaron. Ta ba su haƙuri ta ce a nan za ta zauna, sana'arta a nan take. Aka sayar da kayan rumfar, ta riƙe zarto ɗaya da guduma ta ajiye wa Sabo. Ba ta sake aure ba, ko da yake an nema.

Ta ci gaba da kitso a gidan nan shekaru masu yawa. Wani hali ta ɗauka da mata suka riƙa yi mata tsiya a kai. Duk wadda ta kwanta a cinyarta, in Turai ta ga alamar ciki, sai ta tsayar da tsinke ta ce, "Kin je an ɗebi jininki?" In aka ce a'a, ta ce gobe ta shirya za ta raka ta. Wasu suka je, wasu suka ce maigida bai yarda ba, wasu suka canza makitsiya don ta dame su. Zuwaira, tana kwance Turai na yi mata kitso, ta taɓa tambayarta me ya haɗa ciki da ɗibar jini, mace lafiyarta ƙalau. Turai ta ce likita ce ta ce yana da kyau, ta ce mata ta juyo da kanta ɗaya gefen, saura layi uku.